Zabuwar Malam Markus

A wani gidan haya mai faɗin tsakar gida a Gyadi-Gyadi, an yi wani mutum ana ce masa Inuwa Mai Feshi. Mutumin wani ƙauye ne can bayan Rano, inda ya shekara goma sha biyu yana goye da injin feshi, yana bin gonakin mutane yana kashe musu ciyawa da tsutsar wake. Da ya shigo birni sai ya koma tuƙin adaidaita-sahu, amma bai baro injin a ƙauye ba. Yana nan rataye a bangon ɗaki, daidai saman gado, matarsa Hajara ta yi mita har ta gaji. Shi kuwa duk hirar da aka ɗauko a bencin ƙofar gida, ta siyasa ce ko ta ƙwallo, sai ya janyo ta ta faɗo kan feshi. A faɗarsa, akwai shekarar da fara ta zo ta tarar ya fesa wata gona, ta tsaya a kan iyaka ta yi shawara, ta juya ta nufi Nijar.

A ɗakunan gaba na gidan akwai Malam Markus, tsohon malamin makaranta, mutumin Kagoro, wanda ya fi shekara ashirin a unguwar. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya iya ce wa maƙwabci a'a. Yana da wata tsohuwar Fijo wadda aka ce da can fara ce, amma yanzu tsatsa ta yi mata zane ta ko'ina. A cikin motar nan aka ɗauko marigayiya matarsa ranar aurensu, kuma tun 'yarsa Janet tana ƙarama ya yi mata alkawarin ita ma a ciki za a kai ta coci. To ga biki ya zo, ranar Asabar, kuma ran Malam bai so a ga amarya a cikin tsatsa ba.

Ranar Alhamis da la'asar ya kira Lawan Fenta, wanda garejinsa yake Tarauni bayan kasuwa. Lawan ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can, ya girgiza kai.

"Malam, sai an kankare ta, a cike ramukan, sannan a fesa faraima, shafen farkon nan mai ruwan toka. Ya bushe, a goge, sannan fenti ya hau. Kwana goma. Ka kai amarya a haka, bayan biki ka kawo min."

Inuwa na kan benci yana sakace. Ya miƙe a hankali, ya je gaban motar, ya fara auna ta da ƙafa.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Taku biyar a tsaye, biyu a kwance. Lawan, ka ji tsoron Allah. Fangalin albasa ma ya fi ta girma. Wannan ce kwana goma?"

"Malam Inuwa, mota ce fa, ba wake ba."

"Feshi dai feshi ne. Ku kun sami na'ura mai ƙara kuna tsorata bayin Allah. Ni gobe da safe zan fesa wannan tokar taka, bayan Juma'a in fesa fari, ta kwana ta bushe. Jibi amarya ta shiga tana ganin fuskarta a jikin ƙofa."

"Da me za ka fesa?"

"Da abin da ya kori fara."

Lawan ya yi dariya har sai da ya riƙe madubin motar. Da ya nutsu ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma kowa ya shaida, in ta ɓaci ba zan tako nan ba. Wanda ya ɓata shi zai kawo min ita har gareji, da rana, kowa na gani."

Inuwa ya ce, "Ranar da na kawo maka motar nan, ka sake min suna."

Janet, wadda take leƙowa daga ƙofar gida, ta ce, "Baba, ni fa a bar ta haka. Tsatsar ba a kaina take ba." Amma Malam Markus ya riga ya hango motarsa fara tas kamar ranar da aka ɗauko uwar Janet. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Bari dai mu gwada Malam Inuwa. Maƙwabci ne." Kafin magariba ya je ya sayo gwangwanin faraima da na farin fenti da samfefa. Mai shagon ya ce ya haɗa da tina ta sirkawa da tef na rufe gilashi, amma Inuwa, da ya raka shi, ya ce duk wannan dabarar 'yan kasuwa ce.

Ranar Juma'a tun da sassafe gida ya kaure. Hajiya Rabi, mai gidan, ita ce uwar girkin biki, ta kafa murhu a kusurwar tsakar gida. An kawo fararen kaji talatin, kuma kamar yadda Malam Markus ya saba kowace Kirsimeti, sai ya ba Inuwa wuƙa ya yanka, don maƙwabta su ci da kwanciyar rai. Mata suka duƙufa fiɗa da fige-fige, suna tara gashin a wani ƙaton kwando a rana. Shi kuwa Inuwa yana ajiye wuƙa ya sa aka turo motar tsakiyar gida, ya rufe get, ya ce daga yanzu nan gareji ne, kowa ya kiyaye.

Ya ɗauki samfefa ya goga a jikin ƙofa ɗaya. Da ya ji kafaɗarsa ta fara tsami, sai ya yar.

Malam Markus ya ce, "Lawan ya ce sai an kankare duka."

"Malam, ka taɓa ganin an cire tsutsa da hannu kafin a fesa? In magani ya hau, tsatsa da kanta za ta mutu."

Sai rufe gilashi. Ya karɓi tsofaffin jaridun Malam, ya shiga ɗaki ya ɗauko ragowar kokon karin kumallo, ya riƙa shafawa a gilashi yana manna takarda.

Hajara ta ce, "Baban Sadiya, kokon nan fa na Sadiya ne."

"In aiki ya yi kyau za ta sha shayi."

"To tankin nan da ka sauko da shi, ka wanke shi? Tun daga nan nake jin warin maganin wake."

"Ragowar magani ƙarin albarka ne. Ki ji da kajinki."

Ya auna faraima da gwangwanin madara, kamar yadda ake auna maganin gona, ya zuba a tanki, ya cika da ruwa. Ya girgiza, ya leƙa. Faraima ta dunƙule a ƙasa, ruwa na sama, kamar ba su taɓa sanin juna ba. Ya tsiyaye ruwan, ya tsaya yana susar keya. Can sai ya hango galan ɗin kananzir da Hajiya Rabi take hura wuta da shi. Ya faki idonta ya juye rabi a tanki. Nan da nan abu ya narke ya yi sumul.

"Ka gani, Malam? Ga tina a gindin murhu, suna sayar maka a kwalba."

Ya naɗe fuska da mayafin unguwar Hajara, ya ɗora baƙin tabarau na tuƙi, ya saɓa tanki a baya. Ya buga famfo sau goma, ya matsa. Shiru. Ya ƙara ashirin. Bakin feshin ya yi ɗan tari ya toshe. Inuwa ya ce wannan tsohon ciwo ne, ya san maganinsa. Ya ɗauko ƙusa ya buɗa ramin, ya kara ido yana dubawa ko ya buɗe, yatsansa kuwa na kan abin matsawa. Abin da ya taru a ciki ya fito gaba ɗaya, ya wanke masa tabarau da hula.

Mata suka kwashe da dariya. Hajiya Rabi ta ce, "Ango, an fara shafa maka lallen tun yanzu?"

"Gwaji ne, Hajiya. Ma'aikacin kirki a kansa yake fara gwadawa."

Ya goge tabarau da gefen mayafi, abin ya ƙara damewa, amma cirewa a gaban mata ai faɗuwa ce. Ya ɗebi ƙasa ya watsa sama don ya ga inda iska ta dosa, ko da yake ba abin da ya gani, sannan ya fara aiki. Yadda ake bin kunya a gona haka ya bi motar: ya tafi tsaye, ya juyo, ya dawo, hannu ɗaya na buga famfo, ɗaya na lilo da sanda, yana 'yar waƙarsa ta noma ta cikin mayafi. Faraima na zuba a jikin ƙofofi tana gangarowa kamar kunu a bayan kwano.

Yana can ɓangaren dama, sai baƙar akuyar Hajiya Rabi ta jiyo ƙanshin koko a ɓangaren hagu. Ta ɗaga ƙafa ta ja jarida ɗaya, ta ji daɗi, ta ja ta biyu. Da ta gama da tagogi sai ta haye bonet ta fara da babban gilashi.

Hajara ta ce, "Baban Sadiya, akuya!"

"Ba a yi wa mai feshi magana."

Malam Markus ya ce, "Malam Inuwa, labaran fa sun ƙare a wannan gefen."

"Malam, ja da baya, maganin nan ba ya son huhun tsoho."

Kafin a kori akuya, Inuwa ya zagayo. Abin da yake gani ta cikin tabarau duhu ne da haske kawai, kuma duhun da ya fi girma a kan bonet yake. Ya ce a ransa nan ne tsatsa ta yi sansani. Ya ba ta wuta. Akuya ta yi ƙara ta dire, ta ratsa tsakanin mata, ta goga jikinta a zanen Hajiya Rabi, ta shige bayan randa. Shi kuwa ya ci gaba da lilo, ya shafe gilashin gaba, ya shafe tagogin hagu, ya bi fitilu da lamba ya rufe.

Hajiya Rabi ta taso da ludayi a hannu. "Inuwa! Baƙar akuya na saya a kasuwar Wudil. Wannan tsohuwar mai furfura ta wace ce?"

"Hajiya, ki gode Allah. Ƙuma da kaska sun bar ta har abada."

Malam Markus dai ya zauna a kan turmi, ya riƙe kai. Bai ɗago ba sai da ya ji ƙarar buɗe bonet.

"Me kuma za ka yi a ciki?"

"A nan masu gareji suke cutar ku. Ƙwaro ba ya zama a saman ganye, a ƙarƙashi yake ɓuya. In ba a fesa ƙasan ganye ba, an yi aikin banza."

Kafin Malam ya miƙe daga kan turmi, Inuwa ya zura sanda ya wanke inji tas, filogi da wayoyi da duk wani rami da ya samu. Ya rufe bonet, ya sauke tanki, ya cire tabarau. Sai a sannan ya ga gilasan.

"Wannan kuma rana ba za ta dami amarya ba," in ji shi. "In ta bushe ɓarewa za a yi kamar ɓawon rogo. Minti talatin."

Minti talatin ya wuce, ya taɓa, yatsa ya manne. Awa ɗaya, ya taɓa, ya manne. Awa biyu, ga ranar bazara tana dukan mota, amma kananzir ya ce shi ba yau ba. Da aka yi kiran Juma'a Inuwa ya yi wanka da sabulun wanki, duk da haka ya fito da toka-toka a gemu da kunnuwa, in ban da zagayen idanu biyu inda tabarau ya zauna. Ya ce kada kowa ya kusanci motar, kafin ya dawo ta bushe.

A masallaci bai iya riƙe bakinsa ba. Ana sallamewa ya bi 'yan bencin ƙofar gida da abokan tuƙinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce su zo su ga aikin da masu gareji suke yi wa kwana goma. Mutum kusan ashirin suka biyo shi, yana gaba yana bayanin yadda zai sa allo a ƙofar gida.

Ashe suna can wata 'yar guguwa, irin ta tsakar ranar bazara, ta faɗo gidan ta kan katanga. Ba ta taɓa tukunya ba, ba ta taɓa shanya ba. Kwandon gashin kajin nan da ya bushe a rana ta nufa, ta ɗauke shi kaf, ta yi rawa da shi sau uku a tsakar gida, ta sauke a kan motar, ta fice.

Inuwa ya tura get da ƙafa, ya juya wa motar baya yana fuskantar jama'a, ya ce, "Bismillah, ku ba idonku abinci."

Jama'a suka zuba wa motar ido. Can wani dattijo mai sayar da lemo ya ce, "Ikon Allah. Malam Markus, yaushe ka fara kiwon zabi?"

Inuwa ya waiwaya. Ga mota ruwan toka, an yayyafa mata farin gashi ɗigo-ɗigo daga bonet har but, wasu dogayen fuka-fukai sun tsaya cirko-cirko a kan rufi suna kaɗawa. Dariya ta ɓarke, har masu wucewa a titi suka shigo. Wani ya tambaya ko tana ƙwai. Wani ya ce a watsa mata dawa a ga ko za ta taso.

Malam Markus bai yi dariya ba. Ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe ƙofa, ya shiga, ya murza makulli. Mota ta yi ƙiƙi-ƙiƙi ta yi shiru. Ya sake, ko tari ba ta yi ba. Ya fito a hankali, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Janet, gobe ƙarfe goma ne ko?" Nan dariyar ta ragu.

Janet ta karɓi wayar uban ta kira Lawan, ta buɗe murya kowa na ji. Lawan ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ƙanwata, zan yi abin da zan iya saboda Malam. Amma kin ji sharaɗina jiya. Ina gareji."

Duk ido ya koma kan Inuwa. Ya ce ai turin mota ba komai ba ne, jama'a su kama. Kowa ya dubi fararen kayansa na Juma'a, ya dubi motar, ya sa hannu a aljihu. Haka Inuwa ya dafa but shi kaɗai. Malam Markus ya shiga mazaunin direba, ya kankare wani ɗan rami a gilashi da cokali, daidai ido ɗaya. Hajara ta yafa zane, tunda mayafinta ya riga ya tafi, ta shiga gaba tana jan hanya.

"Dama, Malam! Dama! Akwai mai rake. Baban Sadiya, tura mana, ko motar ta fi farar da ka kora nauyi?"

Daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni ba wata tafiya ba ce a adaidaita-sahu, amma ran nan Inuwa ya san tsawonta. Duk inda ya dafa sai hannu ya manne, in ya ɓamɓaro sai ya share gumi, gashi ya koma fuska. Kafin su kai titi ya yi gemu na biyu. Abokan tuƙinsa suka jeru a baya suna tafiya a hankali suna masa ham, ba mai wucewa. Masu shaguna suka fito da wayoyi. Wata tsohuwa ta tsaya ta tambayi Hajara ko maganin wani abu ake yi.

Lawan na zaune a bakin gareji a kan taya, ya harɗe ƙafa. Ya bari sai da motar ta tsaya a gabansa, sannan ya miƙe ya zagaya ta, ya tsinke gashi ɗaya ya duba a rana.

"Sannu da hanya. Da me ka sirka?"

Inuwa na haki ya ce, "Kananzir."

"Kananzir. To, akwai maganar suna da muka yi." Ya juya ga jama'a. "Jama'a, da Baban Sadiya ne. Daga yau Baban Zabuwa."

Aka amsa da amin kamar a wurin raɗin suna.

Daga nan Lawan ya tuɓe riga. Ya wanke gilasai da fitilu da lamba da tina, ya kira makanikin da ke maƙwabtaka da shi suka kwance filogi da wayoyi suka goge ɗaya bayan ɗaya. Ana kiran magariba Fijo ta yi atishawa, ta tofar da hayaƙi da gashi biyu ta salansa, ta tashi. Malam Markus ya rungume sitiyari.

Lawan ya ce, "Inji ya tashi, gilashi ya fito. Amma jikin nan, Malam, sai an kankare shi har ƙarfe. Da kwana goma ne, yanzu ashirin. In ka yarda in ara muku motata gobe."

Malam Markus ya dubi Janet, wadda ta biyo su a baya. Ta zagaya motar, ta ɗan hura wani gashi a kan madubi, ya ƙi tashi.

"Baba, a wace mota aka ɗauko Mama?"

"A wannan."

"To a wannan za a kai ni. Ba ka ce min fara ko baƙa ba, ka ce wannan."

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Rabi da Hajara suka shimfiɗa tsofaffin zannuwa a bakin ƙofar mota, mata huɗu suka tattare farar rigar amarya suka zura ta ciki kamar ana sa ƙwai a kwando, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Malam Markus ya sa kwat ɗinsa, ya ja mota a hankali, fuka-fukai na kaɗawa a kan rufi, mutanen unguwa sun cika bakin titi suna ɗaga hannu. Amarya kuwa tana ciki tana dariya har da hawaye, uban ma da ya leƙa ta a madubi sai ya kama.

Inuwa na kan benci, an aske gemu saboda ya ƙi wankuwa. Ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Kowa na jiran a ji ko yau bakinsa ya mutu. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Ku faɗi duk abin da za ku faɗa. Amma tankin nan ban wanke shi ba, akwai ragowar maganin wake a ciki. Ku rubuta ku ajiye, bana tsutsa ba za ta taɓa motar nan ba."

Daga cikin gida Hajara ta ɗaga murya. "Baban Zabuwa, in ka gama, Hajiya ta ce ga sabulu ga akuya."